Sule shida da gabar shekara 130: 'yan ubancin masu zari-ruga

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan da Afirka ta Kudu ta fitar da Ingila a kofin duniya na zari-ruga a 2023, wanda aka tashi 16 da 15, na shiga wajen aiki da sassafe a nan Huddersfield na tarar da wani dattijo Bature da muke aiki tare a sito yana haɗa shayinsa, ni kuma kun san mu da jaje, sai na ce masa sai haƙuri Baba, shekaranjiya an ƙwace muku wasa ana saura minti biyu a tashi. Na faɗi haka ne don na san mutumin nan ba shi da hira sai ta zari-ruga, hular sanyin da ke kansa ma ta kulob ce. Wallahi kallon da ya yi min kamar na taka masa sahun ɓarawo. Ya ajiye cokali ya ce, wa aka fitar? Wannan ba wasana ba ne yaro, wasan 'ya'yan masu hali ne, ko kyauta aka ba ni tikiti ba za ka gan ni a wajen ba.

A ranar na san ashe zari-ruga biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna.

Kafin nan ni duk ɗaya na ɗauke su, ƙarti ne dai masu wuya kamar turmi suna rungume da ƙwallo mai siffar ƙwai suna ta karo da juna. Ashe akwai Yuniyan, masu mutum 15 a kowane ɓangare, wanda shi ne mafi yawanmu muke gani a talabijin, na su All Blacks na New Zealand da Springboks na Afirka ta Kudu, akwai kuma Lig, masu mutum 13, wanda shi ne addinin garuruwan arewacin Ingila irin su Wigan da St Helens da Leeds da Hull da Castleford, da kuma Sydney da Brisbane can Ostireliya. Uba ɗaya ne ya haife su, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san 'yan ubanci ya fi gabar bare zafi, don bare ba ya sanin inda zai taɓa maka ya yi ciwo.

Shekara biyu ke nan ina sauraron ɓangarorin nan biyu, faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, amma a hankali na tsinci kaina na ɗauki ɓangare. Ra'ayina shi ne duk musun da ake yi na wane wasa ya fi wane daɗi shirme ne kawai da ake rufe ainihin maganar da shi. Ainihin maganar ita ce waye yake da halin yin wasa kyauta, kuma a kan wannan 'yan Lig ne da gaskiya tun ranar farko, 'yan Yuniyan kuma sun shekara 100 suna hukunta mutane a kan abin da su ma daga baya suka zo suka yi, ko a yi haƙuri ba su ce ba. Sai dai su ma 'yan Lig ɗin ina da magana a kansu, zan zo wajen.

Bari in fara da sule shida ɗin. A shekarun 1880 zuwa 1890 wasan ya bar makarantun kwana na 'ya'yan manya inda ya samo asali ya shiga garuruwan masaƙu da ramukan haƙar kwal na Yorkshire da Lancashire, kuma leburori suka karɓe shi hannu bibbiyu har suka fi masu shi iyawa, dubban mutane na biyan kuɗin ƙofa suna shiga kallo. To matsalar ita ce ranar Asabar ake wasa, lebura kuma yana aiki ranar Asabar har zuwa rana, idan wasan a wani gari ne dole ya bar aiki, idan ya bar aiki a yanke masa kuɗin ranar, idan kuma tsautsayi ya sa ya karye a fili to shi da iyalinsa sai abin da Allah ya yi. Lauya ko likita ko ɗan mai masaƙar ba shi da wannan damuwar, Asabar tasa ce. Kulob-kulob ɗin arewa suka ce to ga kuɗin ƙofa nan yana shigowa, a bar mu mu mayar wa ɗan wasa abin da aka yanke masa, ba albashi ba fa, diyyar lokacin da ya rasa kawai. A 1893 aka kai maganar taron RFU, hukumar zari-ruga ta Ingila, a Landan aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ce a'a, 136 suka ce e. Hujjar manyan ita ce wasa don nishaɗi ake yinsa, kuɗi na shigowa ya lalace, wanda ba zai iya yi kyauta ba ya haƙura da shi. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan kulob-kulob ɗin arewa suka taru a George Hotel a nan Huddersfield suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, wadda daga baya ta zama Lig, kulob 22 ne suka buga kakar farko, kuma abin da aka yarda a biya ɗan wasa bai wuce sule shida a rana ba. Otal ɗin na nan dab da tashar jirgin ƙasa, kana fitowa daga tasha ka wuce mutum-mutumin Harold Wilson za ka gan shi, na sha wucewa ta gabansa da jakata ban san komai ba, gini ne na dutse da ya daɗe a rufe ana ta maganar gyara shi. Dattijon nan ranar da ya nuna min shi cire hularsa ya yi, a cikin sanyin nan, kamar wanda ya zo maƙabarta.

Ka tsaya ka yi tunanin abin fa. Ƙwallon ƙafa ta halatta biyan 'yan wasa tun 1885, shekara goma kafin wannan rigimar, sama ba ta faɗo ba. Saboda haka ba wai manyan RFU ba su ga yadda ake yi ba ne, sun gani sarai, kuma abin da suka gani ɗin ne ya tsorata su, don tunda aka fara biya a ƙwallon ƙafa kulob-kulob ɗin ma'aikata suka ture na tsofaffin ɗaliban manyan makarantu gefe, ba su sake jin ƙanshin kofi ba. Ni a ganina tsoron kar leburan masaƙarka ya kayar da kai a gaban jama'a ranar Asabar shi ne rabin zancen, sauran rabin kuma wa zai riƙe hukuma. Kuma sun biya farashin taurin kan, Ingila da ta ci gasar ƙasashen Birtaniya a 1892 ba ta sake ci ba sai 1910, don gwanayen nata duk sun tafi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, kowa ya kama gabansa. Amma abin da ya mayar da saɓani ya zama gaba shi ne horon da ya biyo baya. Duk wanda ya buga Lig, ko da sisin kwabo ba a ba shi ba, ko gwaji kawai ya je, to an haramta masa Yuniyan, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa, ba zai buga ba, ba zai koyar ba, wani ma ko ɗakin shaƙatawar tsohon kulob ɗinsa ba a son ganinsa. Mutum ya yi wa ƙasarsa wasa an yi masa tafi, ya koma arewa don ya ciyar da 'ya'yansa, shi ke nan ya zama kamar mai kuturta. Rundunar sojan Birtaniya ba ta amince da Lig a matsayin wasan da sojoji za su buga a hukumance ba sai 1994. Ka ji fa, 1994, lokacin mu muna murnar Rashidi Yekini a Amurka.

Alhali kowa ya san ana biya a Yuniyan ɗin ma, a ɓoye. A Wales har suna gare shi, kuɗin takalmi, ka gama wasa ka dawo ɗakin canja kaya ka tarar an cusa maka 'yan takardu a cikin takalminka, kowa ya kawar da kai. A Faransa a ba ka aikin da ba ka zuwa, ko a buɗe maka shago. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Wanda ya karɓa a fili aka rubuta a littafi shi ne mai laifi, wanda ya karɓa a takalmi shi ne mutumin kirki.

Labarin Faransa kuwa shi ne wanda idan ɗan Lig ya fara ba ka shi sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. A 1931 an kori Faransa daga gasar ƙasashe biyar ta Yuniyan saboda rikici a fili da zargin biyan 'yan wasa, a 1934 wani tsohon ɗan wasansu Jean Galia ya kawo Lig ƙasar, kuma cikin 'yan shekaru wasan ya kama kamar wutar daji musamman a kudu, kulob-kulob suna ta sauya sheƙa. Sai yaƙi ya zo, Jamus ta ci Faransa, gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain da ke aiki da 'yan Nazi ta hau, kuma a Disamba 1941 ta fitar da doka ta rushe hukumar Lig gaba ɗaya aka ƙwace dukiyarta, da hannun wasu manyan Yuniyan da ke da fada a gwamnatin. Wasa fa, ba jam'iyya ba. Bayan yaƙi wasan ya dawo amma dukiyar ba ta dawo ba, kuma aka hana su ko amfani da kalmar rugby, sai dai su ce wasan mutum goma sha uku, haka suka zauna har 1991. Duk da haka su ne suka shirya kofin duniya na farko a 1954, shekara 33 kafin Yuniyan ta yi nata a 1987. Idan wani ya ce min ai 'yan Lig sun cika ƙorafi, wannan labarin nake ba shi in ce to kai da kai ne fa.

Akwai kuma wani ɓangare da ya taɓa ni ni kaina a matsayina na baƙar fata a ƙasar nan. Billy Boston yaron unguwar Tiger Bay ne a Cardiff, burinsa ya saka jar rigar Wales a Yuniyan, amma a wancan zamanin baƙi ba ya samun wannan rigar komai iyawarsa, sai Wigan ta ɗauke shi a 1953 ya ci musu sau 478, yau mutum-mutuminsa na tsaye a garin. Clive Sullivan shi ma ɗan Cardiff ne, ya tafi Hull, a 1972 ya zama kyaftin ɗin Birtaniya ya ɗaga kofin duniya, baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar Birtaniya a kowane irin wasa, kuma babban titin da ke shiga Hull sunansa ne a kai. Ƙwallon ƙafar Ingila sai 1993 ta ba Paul Ince kambu. A lokacin da garuruwan ma'aikatan nan ke tafa wa su Boston, hukumar Yuniyan ta New Zealand tana barin 'yan wasanta Maori a gida idan za ta je Afirka ta Kudu, a 1928 da 1949 da 1960, don kar ran masu wariyar launin fata ya ɓaci. Ban ce arewacin Ingila aljanna ba ce, ina zaune a ciki na san abin da nake ji a bas wani lokaci, amma wasan da aka gina a kan cewa iyawarka ake saya ba sunan makarantarku ba dole ya fi saurin buɗe ƙofa.

Mu ma 'yan Najeriya muna da namu a kowane gida, abin dariya. Martin Offiah iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fara da Yuniyan ya koma Widnes a 1987, Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992, ya ci sama da 500 a rayuwarsa ta wasa, yana cikin mutum biyar da aka yi wa mutum-mutumi a Wembley. Maro Itoje shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a Yuniyan a 2025, kuma makarantar Harrow ya yi, inda Churchill ya yi karatu. Ba laifinsa ba ne, gwani ne na gaske, amma dattijona idan ya ji an ambaci Harrow sai ya yi wani murmushi kamar an kawo masa shaida a kotu.

Sai 1995. Shekara 100 cif da taron George Hotel, har watan ma ɗaya ne, ranar 26 ga Agusta hukumar Yuniyan ta duniya ta zauna a Paris ta ce daga yau an halatta biyan 'yan wasa. Me ya canja? Ba wa'azi aka yi musu ba. Kamfanin Rupert Murdoch ne ya ajiye dala miliyan 555 na shekara goma don nuna wasannin Afirka ta Kudu da New Zealand da Ostireliya, ga kuma tsoron kar Lig ta kwashe musu taurari irin su Jonah Lomu. Abin da aka kori mutane a kansa saboda sule shida, da kuɗin ya kai miliyoyi sai ya zama halal cikin zama ɗaya. Waɗanda aka haramta wa shiga kulob ɗinsu shekara da shekaru, wasu sun mutu a haka, babu wanda ya je ya ba iyalansu haƙuri. Wannan shi ne abin da ya sa na ce ba zan iya tsayawa a tsakiya ba.

Manajan shif ɗinmu ɗan kudu ne, daga wajen Bath, yaro ne mai kirki gaskiya, ɗan Yuniyan na gidi. Shi hujjarsa kullum a kan wasan take. Ya ce Lig ba wasa ba ne, karo biyar ne da bugu ɗaya, ka ruga a kayar da kai ka tashi ka tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafunka, haka haka har sau biyar, sai ka buga ta sama ka ba abokan hamayya su ma su yi nasu. Ya ce a Yuniyan kowace ƙwallo sai an yi kokawa a kanta, ga turereniyar mutum takwas da takwas, ga jifa daga gefe da ake ɗaga mutum sama kamar buhu, kuma akwai gurbi ga kowa, gajere mai ƙiba da dogo siriri da ɗan ƙarami mai wayo. Dattijo kuma ya ce Yuniyan bugu ne da tafi, a buga ƙwallo waje 'yan kallo masu jaket ɗin fata su tafa, a shafe minti uku ana gyara turereniya ta rushe a sake, alƙali ya busa laifin da ko shi bai san mene ne ba, wani ya zo ya buga maki uku. A Ostireliya ma haka ake, 'yan Lig na kiran su rah-rah, su kuma suna kiran 'yan Lig mungo, wato ƙaton da ba kai.

Na kalli duka biyun kuma maganar gaskiya kowanne akwai abin da ya faɗa daidai. Amma ko dokokin da suke musu a kai, daga aljihu suka fito. Lig ta soke jifan gefe a 1897, ta rage mutane zuwa 13 a 1906 ta kawo tashi-ka-tura ɗin nan, duk don wasa ya yi sauri ya yi daɗin kallo, saboda kulob ɗin da ke biyan 'yan wasa da kuɗin ƙofa dole ya faranta wa wanda ya biya. Yuniyan ba ta damu da ɗan kallo ba don a cewarta wasan na masu bugawa ne. Ka ga ko nan maganar ta koma kan wa ke da buƙatar kuɗi da wa ba ya da ita. Kuma an taɓa gwadawa ai, a Mayun 1996 Wigan da Bath, zakarun gidajen biyu, suka kara sau biyu, a dokar Lig Wigan ta ci 82 da 6 a Manchester, a dokar Yuniyan Bath ta rama 44 da 19 a Twickenham. Manaja ya ce kowa ya ci gidansa, dattijo ya ce a haɗa makin a gani. Har yau ba su gama wannan lissafin ba.

To yanzu bari in juyo kan mutanena 'yan Lig.

Na farko, zancen cewa Yuniyan wasan masu kuɗi ne, a Ingila da Sydney yana da ƙamshin gaskiya, amma je ka faɗa wa jikan mai haƙar kwal a kwarin kudancin Wales ka ji, ko manomi a New Zealand, ko mutanen Fiji, ko Siya Kolisi da ya tashi a unguwar Zwide yana kwana da yunwa ya zo ya ɗaga kofin duniya sau biyu a 2019 da 2023. Na faɗa wa dattijo wannan, ya ce ai wannan daban. Kullum wannan daban ne idan hujja ta ƙare.

Na biyu, kuɗin Murdoch ɗin da suke yi wa Yuniyan gori da shi, su ma a shekarar suka karɓa, fam miliyan 87, aka kafa gasar Super League aka mayar da wasan daga hunturu zuwa bazara, har aka so a narkar da tsofaffin kulob-kulob a haɗe su, irin Featherstone da Castleford da Wakefield a ce sun zama ɗaya, sai da magoya baya suka fito titi aka fasa. A Ostireliya rigimar talabijin ta raba gasar biyu a 1997, daga baya aka jefar da kulob ɗin South Sydney waje sai da suka yi zanga-zanga da shari'a suka dawo a 2002. Wannan ba Yuniyan ce ta yi musu ba, ba Vichy ba ce, su suka yi wa kansu.

Na uku kuma shi ya fi ba ni haushi. Suna cewa wasansu ya fi kowane wasa a duniya amma ba sa son fita da shi daga unguwa. A Ingila kusan duk manyan kulob ɗin a jere suke a gefen babbar hanya ɗaya, M62, daga Hull zuwa wajen Liverpool. Zuwa 2022 Ostireliya ta ci kofin duniya na Lig sau 12, kuma su kansu 'yan Ostireliya wasan State of Origin tsakanin Queensland da New South Wales ya fi musu kofin duniyar daraja. Gasar Ashes, da suke karawa da Birtaniya a da, Ingila a yanzu, tun 2003 ba a sake yi ba sai 2025. Idan ana maganar ƙasar da Lig ke matsayin wasan ƙasa, Papua New Guinea ce ake ambata. Ita kuwa Yuniyan ta kai kofinta Japan a 2019, ta shigar da wasan mutum bakwai Olamfik a 2016, shi ya sa ni da ke Kano a da na san All Blacks ban taɓa jin sunan St Helens ba. Ba za ka shekara talatin da samun 'yanci kana ɗora wa kishiyar uwarka laifin rashin cigabanka ba.

Dattijo ya kai ni kallon Huddersfield Giants, kulob ɗin Lig na garin, wani daren Juma'a. Filin na cin mutum wajen 24,000, amma kujerun da ba kowa sun fi waɗanda ke da mutane yawa nesa ba kusa ba, har kana jin ƙarar haɗuwar ƙirji da kafaɗa daga inda kake zaune, wani irin tim kamar an yar da buhun masara daga kan mota, kuma wanda aka kayar ɗin ya miƙe a take kamar ba shi ba. Wata tsohuwa a bayanmu da bargo a cinya da fulas ɗin shayi tun daga farko har ƙarshe tana yi wa alƙali ihu ya mayar da su baya, sun shigo, sun shigo. Suna kiran kulob ɗin Fartown, sunan tsohon filinsu da suka bari tun 1992. Na ji daɗin wasan sosai wallahi, babu tsayawa babu faɗuwar ƙarya. Amma wani satin na wuce ta wajen ranar da Huddersfield Town ke buga ƙwallon ƙafa a filin nan dai, hanya ta cushe ba masaka tsinke. A garin da aka haifi wasan ke nan fa.

Kuma ba yau abin ya fara ba. Manningham, kulob ɗin da ya fara cin gasar 'yan ɓallewar a 1896, a 1903 ya watsar da zari-ruga ya koma ƙwallon ƙafa, shi ne Bradford City na yau. Tun lokacin 'yan uban na ta dambe a tsakar gida maƙwabci na kwashe kayan ɗaki. A 1954 mutum 102,569 aka ƙirga a Odsal a Bradford suna kallon Warrington da Halifax, yanzu Bradford Bulls ɗin da ta ci Super League sau huɗu sai da ta rushe a 2017 aka sake kafa ta. Gidan Yuniyan ma ba lafiya ba, Worcester da Wasps da London Irish duk sun durƙushe saboda bashi tsakanin 2022 da 2023, Ostireliya kuma a 2023 ko rukuni ba ta fita ba a kofin duniya, karo na farko a tarihinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su 'yan wasan da masu horarwa tuni suka wuce wajen. Jason Robinson ɗan wasan Wigan ne kafin ya ci wa Ingila a wasan ƙarshe na kofin duniya na Yuniyan a 2003. Sonny Bill Williams ya yi ta shiga da fita tsakanin gidajen biyu ya ci kofin duniya biyu da All Blacks. Shaun Edwards da ya gyara tsaron bayan Wales sannan na Faransa ɗan Lig ne tun daga haihuwa. Kevin Sinfield, tsohon ɗan Lig wanda duk ƙasar nan ta gan shi ya ɗauko abokinsa Rob Burrow daga keken guragu ya tsallaka layin ƙarshe na gudun fanfalaki da shi a Leeds a 2023, a lokacin yana cikin masu horar da tawagar Yuniyan ta Ingila. Ciwon jijiyoyin da ya kashe Burrow a 2024 shi ya kashe Doddie Weir na Scotland, ɗan Yuniyan, a 2022, kuma wajen tara kuɗin yaƙi da ciwon ban ga wanda ya tambayi wani mutum nawa ne a tawagarku ba. Gabar ta rage ne a wajen masu kallo, su ne ba a biya, su ne kuma ba sa yafewa.

Amma duk lokacin da na ce to ya kamata dattijo ya sauke wannan kayan haka nan, sai wani abu ya faru da zai nuna bai yi ƙarya ba. A watan Yunin 2025 Sarki Charles ya ba Billy Boston sarautar Sir, yana da shekara 90. Shi ne ɗan Lig na farko da ya taɓa samu saboda wasan, cikin shekara 130, alhali a Yuniyan ga su Sir Gareth Edwards da Sir Clive Woodward da Sir Bill Beaumont da Sir Ian McGeechan, ka yi ta ƙirgawa. Na je na yi masa barka, wannan karon na tabbatar gidan da ya dace na kai gaisuwar. Bai yi murna yadda na zata ba, ya ce sai da suka bari mutumin ya tsufa tukuf.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki tawagar Lions, wato haɗakar Ingila da Wales da Scotland da Ireland a Yuniyan, ta ci Ostireliya 29 da 26 a Melbourne a minti na ƙarshe, Itoje ne kyaftin, Andy Farrell ne koci. Ranar Litinin manaja ya shigo yana ta washe baki, ni kuma na ja bakina na yi shiru don na koyi darasi. Dattijo na juya shayinsa bai ɗago ba ya ce shi bai kalla ba, ba shi da lokacin ɓatawa. Can kuma sai ya ce, amma da a ce sun ci gaba da barin gefen hagun nan a buɗe kamar yadda suka yi a rabin farko da sun sha kashi. Manaja ya ce, na zata ba ka kalla ba. Ya ce jikata ce ta kunna, ni wucewa kawai nake yi. Ya kurɓi shayi ya nuna ni da cokali ya ce, kai yaro rubuta ka ajiye, Farrell ɗin nan yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Wigan, namu ne, aro muka ba su.